Tukunyar Dalma da Ta Ci Ƙirjin Malam Lawal

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu numfashi kyauta, ba mu san darajarsa ba sai ranar da muka ga ana auna wa mutum shi a kwalba.

Sunana Hadiza. Malamar firamare ce ni a Batsari, amma haifaffiyar Zakka ta ƙasar Safana. Mijina, Malam Lawal, ya rasu bayan jinyar mako goma sha huɗu, kuma wata biyu ke nan da na fita takaba. 'Yan'uwa sun ce in bar maganar ta kwanta tare da shi. Na san ajali na Allah ne, ban taɓa musun haka ba. Amma sababin wannan ajalin yana da gida, yana da mota, yana yawo cikin mutane da babbar riga. Ba zan faɗi sunansa ba don an roƙe ni. A unguwarmu Mai Tukunya muke ce masa.

Malam tsohon malamin gona ne. Da ya yi ritaya sai ya riƙe gonarsa ta hanyar Yasore da ladancin masallacin unguwa. Ya ba sittin baya, amma a kan keke yake zuwa gona ya dawo da dami a baya. In babu wuta ba ya neman lasifika, tsayawa kawai yake a kan dakali ya ɗora hannu a kunne, har masu wanki a bakin rijiya su ji. 'Ya'yanmu biyu mata ne, duk sun yi aure nesa, don haka daga ni sai shi a gidan.

Bayan katangarmu akwai wani fili da yara ke ƙwallo. Wata rana muka ga ana kewaye shi da kwano. Aka ce injin gyaran shinkafa za a sa, har muka yi murna. Da manyan motoci suka fara zuwa, ba shinkafa suka sauke ba, tsofaffin batiran mota ne da tsofaffin tayoyi. Batiran ake fasawa a fitar da dalmar ciki, a narka ta a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, tayoyin kuma su ne makamashi. Daga hantsi ake hura wutar. Zuwa azahar, in iska ta juyo, sai hayaƙin ya kwanto mana cikin gida, baƙi wuluk, mai yaji. Bakinka ya riƙa yi maka kamar ka tsotsi tsohon kwabo. Farar riga in ka shanya sai ka sake wanki. Zogalen tsakar gidanmu ya murɗe ya bushe, kajin maƙwabciyata Inna Yalwa mai daddawa suka bi ɗaya bayan ɗaya. Shekara ɗaya da rabi muna cikin wannan, muna tsaki muna rufe taga. Wannan shi ne laifinmu, kuma ban cire kaina ba.

Makon farko tari ne kawai, busasshe. Muka ce mura ce. Na sayo masa maganin tari a kemis, na dafa masa citta da kanumfari.

A mako na biyu ne na tsorata. Ina tsakar gida ina tankaɗe lokacin la'asar, na ji ya fara kiran salla. Da ya zo tsakiya sai muryar ta yanke. Na saki rariya ina sauraro. Sai tari, sai tari, sannan na ji wata murya daban ta ƙarasa kiran. Da ya shigo gida ya zauna a kan turmi yana haki, gumi na bin wuyansa.

“Malam, lafiya?”

“Iskar ce ta ƙi isata, Dije. Na ja, na ja, kamar an sa dutse a nan.” Ya dafa ƙirji.

Mako na uku na masu shawara ne. Yayansa, Yaya Sale, ya zo ya ce sanyi ne ya kama haƙarƙari, a haɗa zuma da tafarnuwa da man habbatussauda. Muka haɗa. Wata ta ce kitsen damo. Wani ya kawo rubutu a gora, Malam ya sha da bisimilla. Wata tsohuwa daga dangi ta zo da ƙullin saiwoyi ta ce a turara masa ya lulluɓa da bargo. Nan ne na kasa daurewa.

“Gwaggo, hayaƙi ne ya kwantar da shi, kuma hayaƙi za mu ƙara masa?”

Yaya Sale ya harare ni. “Ke dai kin fiye boko. Wa ya ce miki hayaƙi ne? Kowa a unguwar nan yana shaƙa, don me shi kaɗai?”

Ba shi kaɗai ba ne. A ajina, in na juya ina rubutu a allo, tari nake ji ta ko'ina kamar ana amsa waƙa. Amma a lokacin ba ni da abin da zan nuna.

A mako na huɗu muka je asibiti a nan gari. Mun isa da sanyin safiya muka tarar da layi har waje, yawanci mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro. Sai bayan azahar muka ga likita. Ya saurari ƙirjin ya ce a gwada majina, ko tarin fuka ne. Kafin sakamako ya fito, magana ta riga ta zaga unguwa. Mutanen da suka shekara ashirin suna cin tuwo kwano ɗaya da Malam a ƙofar masallaci suka fara ware masa moɗarsa. Sai ya daina fita cin abinci. Da sakamakon ya fito ba tarin fuka ba ne. Aka ba mu ƙwayoyi da wani abin shaƙa da ake matsawa a baki. Ina gode wa wani nas a wurin, wanda ya zauna ya koya wa Malam yadda ake matsa abin har sau biyar bai ƙosa ba.

Mako na biyar sai ciwon ciki ya shigo, murɗa mai sa dattijo ya durƙusa ya riƙe ƙafar gado. Hannunsa ya fara rawa, in ya ɗauki kofin koko sai ya zube masa a riga. Na sayar da tumakina biyu muka nufi Katsina a mako na shida.

A can kwana biyu muka yi muna bin layi: na kati, na hoto, na jini. Likitar da ta gan mu matashiya ce mai gilashi. Ta ɗaga hoton ƙirjin a jikin fitila ta daɗe tana kallo.

“Baba, kana shan sigari?”

“Ko kusa, 'yata.”

“Gawayi kake ƙonawa? Ko fasa dutse?”

Sai na ba ta labarin tukunyar. Ta ajiye biro ta sa aka sake ɗibar jini. Da muka koma ta ce akwai dalma a jininsa fiye da yadda jiki zai ɗauka, ita ce ke murɗa masa ciki da kaɗa masa hannu. Na ce to a ba shi maganin da zai wanke ƙirjin. Abin da ta ce har yau yana kunnena.

“Malama, huhu ba riga ba ne, ba ya wankuwa. Abin da ya rage shi za mu tsare. Kuma maganinsa na farko ba a kanti yake ba. Ku fitar da shi daga hayaƙin nan.”

Ina za mu kai shi? Lokacin hanyar Zakka ba ta biyuwa, mutanenmu ma gari suke gudowa. Sai na kai shi gidan yayata Rabi a cikin Safana. Ita da mijinta suka ba mu ɗaki, suka yanka masa kaza, Allah ya saka musu da Aljanna. Mako biyu muka yi. A nan na ga ikon Allah: tarin ya lafa, ya fara cin tuwo, har yana takawa zuwa masallaci. Amma kunya ta hana shi sakewa. Kullum sai ya ce, “Dije, dattijo da gemunsa a gidan surukai?” Na yi roƙo, Yaya Rabi ta yi roƙo. Ranar da na dawo daga kasuwa na tarar ya ɗaure kayansa yana zaune a kai.

“Gida za mu. Zan je in sami mutumin nan da kaina. Musulmi ne, in ya gan ni zai ji tausayi.”

Ya je, shi da liman da mai unguwa, a mako na tara. Ni ban je ba, Malam ne ya ba ni labari da ya dawo, yana tsayawa yana hutawa tsakanin kalmomi. Mai Tukunya ya karɓe su a falonsa na cikin gari, nesa da unguwarmu, aka kawo lemo. Liman ya yi bayani, Malam ya miƙa takardar likita. Ko buɗe ta bai yi ba. Ya yi dariya ya ce, “Haba Malam Lawal, in hayaƙi na kisa ai da masu tuyar ƙosai sun ƙare. Tsufa ne ya zo, a yi haƙuri da shi.” Ya ce mutum nawa yake ciyarwa a wurin nan, waɗanda aka koro daga ƙauyukansu ba su da ko ƙwayar gero. Sannan ya tura wa Malam ambulan ya ce a sayi zuma. Malam ya bar masa ita a kan tebur.

Da ya gama ba ni labarin sai ya juya fuska bango. A shekara talatin da muka yi tare ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ni kuwa ban yi kuka ba. 

Washegari na shiga gidan Inna Yalwa. Ta girme ni da shekara ashirin, asalinta daga yamma take, bakinta ba ya tsoron kowa.

“Inna, maza sun je sun dawo.”

“Na jiya, ɗiyata. Lemo sunka sha. To mi kike so mu yi?”

Na yanko farin yadi na raba wa mata gida goma sha biyu, kowace ta shanya nata a katanga kwana uku. Da muka tattaro su, ba mai cewa fari ne. Na rubuta takardar koke, waɗanda suka iya suka sa hannu, sauran suka dangwala yatsa. Muka kai ofishin da ke kula da muhalli, da yadukan, da hoton ƙirjin Malam. An karɓe mu da mutunci, aka sa ranar zuwa dubawa. Amma maganar ta fita. Ranar da jami'ai suka zo, tukunyar ta kwana biyu a kashe, an share fili, an rufe batiran da tamfol, har an jera buhunan ƙaiƙayi a bakin ƙofa. Suka duba suka tafi. Motarsu ba ta kai bakin titi ba aka fara jan tayoyi.

Mako na goma sha ɗaya Malam ya daina kwanciya, sai a jingine shi da filo uku, don in ya miƙe numfashi ɗaukewa yake. Na toshe tagogi da jiƙaƙƙun tsumma. In an hura wuta sai in zauna gabansa ina fifita da mafici, kamar hannuna zai iya korar abin da ya rufe unguwa guda. Ƙafafunsa suka kumbura. Ni nake masa alwala, ni nake ba shi kunu da cokali. Ya ce in daina fashin makaranta ba izini, kada a kore ni. Shugabar makarantarmu ta raba ajina ga sauran malamai ba tare da na roƙa ba. Ita ma ina gode mata.

A mako na goma sha uku zazzaɓi ya rufe shi, majinar ta koma kalar tsatsa. Muka sake ɗaukar hanyar Katsina, yana kwance a kujerar baya kansa a cinyata. Aka ba shi gado, aka sa masa robar iska a hanci. Keken ɗinkina da kekensa na hawa duk a nan suka tafi. 'Ya'yanmu suka zo. Yaya Sale ya zo ya tsaya a bakin gado yana kallon kwalbar iskar, wannan karon bai kawo shawarar komai ba.

Ranar Laraba da hantsi Malam ya yafito ni. Na sa kunne kusa da bakinsa.

“Dije, na san halinki. Ki bar wa Allah.”

Na riƙe hannunsa.

“Kin ji?”

“Na ji, Malam.”

Na ce na ji, ban ce na yarda ba, kuma ya san bambancin, don ya ɗan murmusa ya rufe ido. Washegari bayan azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Da aka kawo shi gida aka yi masa sutura, aka fitar da shi ƙofar masallaci don salla. Ina ɗaki ina jin kabbarar liman, ina kuma jin masu salla suna tari, saboda ko a ranar ba a kashe wutar ba. Matar da ke kusa da ni ta ce da aka ɗauki makara, baƙin gari-gari ya sauka a kan likkafanin. Da ma ba ta faɗa mini ba.

Ranar uku Mai Tukunya ya zo gaisuwa. Motarsa ta sauke buhun shinkafa a zaure. Ya ce lallai sai ya gai da mai takaba, Yaya Sale ya rako shi har ƙofar ɗakina. Ina bayan labule, mata cike da ɗakin.

“Malama, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam. Mutumin kirki ne.”

Na ce, “Abin da Allah ya yi, na yi haƙuri da shi. Abin da kai ka yi kuwa, Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba, ranar gobe ƙiyama ina nan riƙe da rigarka.”

Yaya Sale ya ce, “Subhanallahi! Hadiza, gidan makoki ne fa!”

“Shi ya mai da shi gidan makoki, Yaya.”

Na ji takun takalminsa yana fita da sauri. Inna Yalwa ta sa mata huɗu suka kinkimi buhun suka kai ƙofar ma'aikatarsa suka jingine. A unguwar da wasu gidajen sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, buhun nan ya kwana uku ba wanda ya taɓa shi, har ya yi baƙi. Wasu sun ce mun wulaƙanta abinci. Na ce a rubuta a kaina.

Mai takaba ba ta fita, wata huɗu da kwana goma. Ina jin Mai Tukunya ya ɗauka ya huta da ni. Abin da bai lissafa ba shi ne, mai takaba ba ta rasa baƙi. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai na tambaye ta: wa ke tari a gidanki? Akuyarki nawa ta mutu? Ɗakina ya zama wurin taro. Daga nan muka tsara komai.

Inna Yalwa ta ja mata suka kai turame da tabarmi ƙofar ma'aikatar. Nan suke surfe, nan suke tsince wake, nan suke kitso, daga safe har la'asar, a daidai inda manyan motoci ke shiga. Direban farko ya yi ta hon. Inna ta ɗaga taɓarya ta ce, “Taka ni ka wuce, ɗan nan. Ni da ma na gama cin tuwona a duniya.” Ya juya. 'Yan garuwa suka daina kai ruwa can. Masu abinci suka daina kai kwano. Liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci bai kira suna ba, amma kowa ya waiwaya. Mai Tukunya ya koma shigo da kaya ta wata ƙofa da ya fasa a baya, wutar dai ba ta mutu ba.

Sai ga Lami. Mijinta Ɗan'asabe yana cikin masu juya tukunyar. Daga wajen Yasore aka koro su, da 'ya'ya shida, kuma aikin nan ne abincinsu. Tun da muka fara ba ta gaishe mu, ta ce so muke 'ya'yanta su yi bara. Ranar ta shigo ta zauna nesa, ta jira ɗaki ya rage.

“Malama, hannun maigidana ya fara rawa irin na Malam. Jiya ya kasa ɗaura tazuge.”

Na ce ta kai shi Katsina, na faɗa mata ɗakin da za su nema. Sai ta ce, “Ya ce in gaya miki, ranar Litinin za a yi babbar narka, an tara kayan mota uku. In an fara ba a iya kashewa sai an gama, in ba haka ba dalmar daskarewa take ta ɓata tukunyar.”

Wannan karon ban rubuta takarda ba. Na kira likitar nan mai gilashi a waya, ita ta haɗa ni da masu kula da muhalli na can sama, na tura musu hotunan hayaƙin da muka ɗauka a waya. Na roƙe su abu ɗaya: kada su faɗa wa kowa ranar zuwansu. Litinin da azahar, hayaƙi ya turnuƙe sama, sai ga motoci biyu. Ni ban gani ba, ina ɗaki, amma na ji guɗar Inna Yalwa ta tashi har sau uku. An ce ɗaya daga cikin jami'an da ya shiga sai da aka fito da shi yana amai. Suka sa aka kwashe wutar a tsakiyar narka, dalmar ta daskare, tukunyar ta tsage. Suka sa kwaɗo a ƙofa suka shafa jan fenti.

Da aka faɗa mini tukunyar ta tsage, na yi sujada. Ban ɓoye ba, na ji daɗi, daɗin da ban ji irinsa ba tun rasuwar Malam. An ce Mai Tukunya ya yi asara mai yawa, na ce Allah ya ƙara.

Amma ba zan yi ƙarya in ce kowa ya fita lafiya ba. Ɗan'asabe da abokan aikinsa sun rasa abin yi. Matan unguwa sun haɗa wa Lami jarin awara, amma awara ba ta riƙe gida mai mutum takwas, kuma hannun mijinta bai daina rawa ba. In na gamu da shi a hanya yana gaishe ni, ni ce nake sunkuyar da kai. Filin kuwa an ce kada yara su sake wasa a ciki, ƙasar ta sha guba. Har yau ba a kwashe ta ba, muna nan muna bin maganar.

Na fita takaba da sati ɗaya sai Yaya Rabi ta kira ni. Ta ce an ga wani mai babbar mota yana neman fili a bakin Zakka, tunda hanya ta ɗan lafa. Wai injin gyaran masara zai kafa, zai ɗauki matasa aiki, har ya yi alkawarin gina rijiya. Na tambayi kalar motar. Shi ne.

Ranar da dattawan garin za su zauna da shi, na riga shi isa. Garinmu ne, mai gari ya san mahaifina. Na durƙusa daga bakin zaure na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na nemi izinin magana. Na ba su labarin nan kamar yadda na ba ku, tun daga kwanon da aka kewaye fili har likkafani. Ina cikin magana motarsa ta tsaya. Ya shigo da fara'a yana miƙa hannu, sai ya gan ni. Hannun ya tsaya a iska.

Mai gari ya ce, “Alhaji, ka san wannan baiwar Allah?”

“Na santa, ranka ya daɗe. Mutuwar miji ce ta taɓa ta.”

“To injin naka, masara yake ci ko batir?”

Ya fara kame-kame, wai duka biyun, wai wannan karon zai sa dogon bututu. Wani dattijo makiyayi da ke gefe ya ce shi dai shanunsa a nan suke kiwo, kuma bai ga bututun da ya fi iska tsawo ba. Mai gari ya ce a kai wa Alhaji goron da ya kawo mota, Zakka ba ta da filin sayarwa.

A waje ya tare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Malama, kin rufe mini wuri, kin jawo mini asara. Me kuma kike nema? Faɗi abin da kike so a ba ki, a wuce wurin.”

“Ba ka da shi.”

“To har yaushe za ki riƙa bi na?”

“Har sai ka rasa inda za ka hura wuta kusa da gidan mutane. Ƙafata ƙafarka.”

Ya shiga mota ya buga ƙofa.

Ku da kuke karanta wannan, musamman mutanen ƙauyukanmu da aka sha wuya ake neman aiki ido rufe: in baƙo ya zo neman fili, ku tambaye shi me injinsa yake ci, me yake fitarwa, kuma shi a ina yake kwana da iyalinsa. In tari ya wuce mako biyu kada ku tsaya ga zuma, ku je asibiti ku faɗa wa likita abin da kuke shaƙa. Kada ku yi shekara da rabi kuna rufe taga kamar yadda muka yi.

Yaya Sale ya zo jiya. Ya ce an aiko shi da ban haƙuri, mutumin yana so a zauna gaban malamai a yi sulhu. Ya ce, “Hadiza, riƙo ba ya dawo da mamaci. Allah ma muna masa laifi ya yafe.”

Na ce, “Gaskiya ne, Yaya. Shi Allah ne.”

Na kawo masa ruwa ya sha, na raka shi zaure. Sannan na dawo na goge mayafina, don an ce an ga motar Mai Tukunya a hanyar ƙauyen Babban Duhu, kuma motar haya ta farko da ƙarfe bakwai take tashi.